Mota Mai Kujera Biyu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa manyan wani kamfanin inshora, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda zai ce ya taɓa ganin ya juya wuyansa a cikin mota. Direbobin da suke raba benci ɗaya da shi a rumfar ajiye motoci su suka laƙaba masa Ba-waiwaye. Sunan ya bi shi har unguwa, har ta kai masu shago ma da shi suke kiransa, ba tare da sun san dalili ba.

Dalilin kuwa ƙarami ne. Satinsa na farko a wurin aiki, yana saurayi, manajan da aka ba shi yana zaune a baya tare da wani baƙo. Baƙon ya ba da labari mai ban dariya, shi kuma ya juyo yana taya su ƙyalƙyalawa. Manajan bai ɗaga murya ba. Sai da baƙon ya sauka sannan ya ce masa, "Direba madubi gare shi, ba shi da wuya. Kunne ma ɗaya gare shi, na jin inda za a je." Irin maganar nan ce da manya kan yi su manta da ita kafin su hau bene, ƙaramin ma'aikaci kuma ya ɗauke ta ya gina rayuwarsa a kai. Daga ranar bai sake juyawa ba.

Ya kuwa iya aikin, babu mai ƙwace masa wannan. Madubi uku suka zama idanunsa: na tsakiya da na gefe biyu. A cikin na tsakiya ya ga manajoji bakwai sun zo sun wuce. Ya ga wanda ke cire takalmi ya miƙe ƙafa, ya ga wanda ke kuka bayan an yi masa waya, ya ga wanda ya kori mutum goma sha biyu a waya yana sakace. A bayansa an yi faɗan miji da mata, an yi zagi, wata rana matar wani manaja ta ƙwalla ƙara don an mare ta, shi kuma idonsa na kan titi, hannunsa bai ko girgiza ba. Ya koya wa kunnensa cewa duk sautin da ya fito daga bakin fasinja, in ba sunan wuri ba ne ko "tsaya" ko "mu je", to ba da shi ake ba. Bai taɓa goga motar kamfani a jikin komai ba, ko da bishiya. Wannan shi ne abin alfaharinsa, kuma shi kaɗai ne, don haka yake yawan faɗinsa.

A gida ne halin ya zama abin haushi. Matarsa mai ɗinki ce, kekenta na bakin taga a falo, kujerarsa kuma na kallon ƙofa. Sai ta yi masa magana daga gefe, ya amsa yana kallon gabansa kamar mai jiran fitila ta ba shi hannu. Tun tana mita har ta koma tsokana, takan ce ita ma sai ta sa an kafa masa madubi a jikin ƙofa ko za ta samu a riƙa kallonta. 'Ya'yansu uku suka tashi da sanin cewa in kana son Baba ya gan ka, sai ka zagayo ta gabansa. Duk shekarun nan matar ba ta taɓa shiga motar da yake tuƙawa ba, don dokar kamfani ta hana, shi kuma ba mai karya doka ba ne ko da babu mai gani.

Ranar da ya ajiye aiki aka tara su a ɗakin taro, aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi da kuɗin sallama, manajan ƙarshe, wanda kusan sa'an ɗan Ba-waiwaye na fari ne, ya kira shi uba ga kowa. Ya miƙa makulli ya fito ta ƙaramar ƙofa ya hau bas. A cikin bas ɗin ne ya tuna cewa bai taɓa mallakar ko keke ba.

Wata huɗu bayan haka ya je asibitin ido, shi kaɗai, don yana yawan karo da gefen ƙofa, kuma sau biyu ya zubar da kofin shayi da ke kusa da gwiwar hannunsa. Aka sa shi ya ɗora haɓa a jikin wata na'ura mai kama da kwano, aka ba shi maɓalli a hannu, aka ce ya kafe ido a tsakiya, duk lokacin da ya ga haske ya ƙyasta ta kowane gefe ya danna. Kafe ido a tsakiya kam babu wanda ya kai shi. Ya zauna yana jira, yana danna ɗaya-ɗaya, har ya fara tunanin ko na'urar ce ta lalace. Da aka gama likitar ta nuna masa takarda mai da'ira biyu. Ta dama tana da ɗan fari a tsakiya da baƙi a kewaye. Ta hagu kusan duk baƙa ce. Ta yi masa bayani a hankali, cewa ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana danne jijiyar gani, ya daɗe yana ci daga gefe ba a sani ba, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai rage masa gudu ne kawai. Ta ce in yana tafiya a ƙasa ya riƙa juya kansa hagu da dama kafin ya taka. Da ta tambaye shi sana'arsa ya faɗa mata, ta ajiye biro ta ce masa tuƙi kam ya ƙare.

Ya naɗe takardar ya sa a cikin jakar lasisinsa. A gida ya ce maganin na ƙaiƙayin ido ne. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kan titi ba, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani baƙin ciki da ya fi shi nauyi: ya ƙarar da idanunsa wajen kai mutane inda suke so, yanzu ga shi za a rufe masa su bai taɓa kai kansa ko'ina ba.

Cikin wannan hali ya ga motar. Yana da aboki tsohon makanike, wanda ya shekara da shekaru yana duba motocin kamfanin, garejinsa na bayan wata ma'ajiyar katako, kuma tun da ya bar aiki can yake zuwa ya kashe hantsi. Ranar ya tarar da wata aba a kwance a kusurwa an yaye mata tamfol. Koriya ce shar, mai duhu, doguwar hanci, gajeriya har ba ta kai masa ƙugu ba. Tayoyinta masu waya ne kamar na keke, rufinta na yadi ne da ake naɗewa, gaban sitiyarin kuma katako ne mai sheƙi da ƙananan agogai. Ƙirar Ingila ce, ta kusa shekara arba'in. Makanike ya ce ta wani tsohon likitan haƙori ce da ya rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje, sun ce a sayar a huta.

Ba-waiwaye ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ciki, sai ya tsaya. Kujera biyu ce kawai. Bayan kujerun babu komai sai wani ɗan lungu da ko jaka ba zai ɗauka ba. Babu inda mutum zai zauna a bayanka ya miƙe ƙafa. Duk wanda zai shiga motar nan, dole ya zauna kusa da kai, kafaɗa da kafaɗa. Bai san akwai masu ƙera mota da suka taɓa yin tunanin direba haka ba.

Makanike ya ga irin tsayuwar da abokinsa ya yi, ya gane, ya fara yi masa magani tun kafin ciwon ya kama. Ya ce motar nan kyanta a ido ne, kamar takalmin biki. Ya nuna masa kwalin da ya shimfiɗa a ƙarƙashinta, ya yi baƙi ƙirin, ya ce ranar da ta daina ɗigar da baƙin mai to ya ƙare ne a ciki. Ya ce wayoyinta suna da ra'ayin kansu, ka kunna fitila sai hon ya amsa. Kafireto biyu gare ta, kuma ba sa shiri da juna, sai ka zauna ka sasanta su da kunne kowane wata. Kayan gyaranta sai an yi oda an jira jirgi. Tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofofin, ya sa ɗan yatsa ya nuna masa wurin. Ga ta ƙasa-ƙasa, duk ramin da ke titi sai ya gaisa da salansarta. Sannan sitiyarinta a dama yake, saɓanin duk motocin da ya saba.

"Ka sayi ƙaramar mota mai ƙofa huɗu," in ji makanike, "ka kai Maman Yara kasuwa, ka kai jikoki makaranta. Wannan ta masu mota uku ce, ita ce ta huɗun."

Ba-waiwaye bai yi musu ba, don duk gaskiya ne. Ya fi kowa sanin duba mota. Ya taɓa bonet ya ji da sanyi kafin ya bari a tayar da ita, don kada a ce an ɗumama masa ita. Ya shinshina sandar gwada mai, ya murza man a tsakanin yatsunsa. Ya durƙusa ya shafa cikin tayoyin. Da injin ya tashi ya kara kunne ya ce fulogi na uku yana tsallake, makanike ya duba ya ga haka ne. Abu ɗaya ne ya gani ya yi shiru a kai. Madubin motar biyu ne: ɗan ƙarami a tsakiya, kamar na cikin jakar mata, da wani mai kama da murfin gwangwani can a kan hancin motar ta dama. Ta hagu babu komai.

Sati uku yana zuwa. Sai ya zauna a ciki da injin a kashe, hannu a kan sitiyari, makanike na aikinsa yana yi masa kallon gefen ido. Yana dawowa gida da warin tsohuwar fata a jikin rigarsa. A ransa ya yi ta gardama da likitar. Ai tsakiyar idon lafiya lau take, yana karanta lambar mota daga nesa. Ai mutumin da ya shekara talatin da ɗaya a titi, jikinsa ma ya san hanya. Ba zai yi gudu ba, ba zai fita in rana ta faɗi ba, shekara ɗaya kawai yake nema, ko wata shida. Mutum in yana son abu, hujja ba ta yi masa wuyar samu.

Da ya faɗa a gida, babbar 'yarsu malamar makaranta ta zo takanas da mijinta. Ta yi magana da ladabi amma ranta a ɓace yake. Ta ce kuɗin sallamar nan shi ne rufin asirinsu na ƙarshe, kuma mutane za su yi dariya su ce tsufa ya zo wa Baba da ƙuruciya. Surukin ya kawo shawarar a sayi mota mai ɗaukar fasinja a ba wani ya riƙa ja, ko kuma Baba da kansa ya riƙa kai 'yan kasuwa filin jirgi, tunda an san shi. Wato ya koma ɗaukar mutane a baya. Ya saurare su yana kallon ƙofa, ya ce ya ji, zai yi tunani. Babu wanda ya ambaci ido, don babu wanda ya gaya wa.

Matarsa ba ta sa baki ba sai da suka tafi. Ta tashi daga kan keken ɗinki ta zagayo ta gabansa ta tsaya.

"Malam, ka ce kujera biyu ce?"

"Biyu ce."

"Ɗayar ta wace ce?"

"Taki ce mana. Ta wa za ta zama?"

Ta ce to kada ya biya sai ta ɗana kujerar tata ta ji ko ta yi mata. Ta ce duk ranar da zai gwada motar a titi, da ita za a je, kada ya kuskura ya fita shi kaɗai. Ya ɗauka zumuɗi ne, har abin ya faranta masa rai.

Suka je da hantsin wata Talata, lokacin da masu zuwa aiki sun riga sun wuce. Ta sa mayafinta na fita mai ruwan toka. Makanike ya naɗe musu rufin, ya riƙe mata ƙofa, ta sauka cikin kujerar da ƙyar tana dafa gwiwa, tana dariya tana cewa wannan ai zama ne a ƙasa, tashin ne zai zama aiki. Makanike ya ce su bi babban titi zuwa shataletale su dawo, kuma ya taka birki da wuri don sai an matsa yake kamawa.

Ba-waiwaye ya zauna, ya gyara ɗan madubin tsakiya kamar yadda ya saba yi kowace safiya ta rayuwarsa. Babu kowa a cikinsa, sai katangar gareji. A nan ya gane abin da bai taɓa lissafawa ba. Matarsa na zaune a hagunsa, yana jin ƙamshin turarenta, yana jin kafaɗarta na taɓa tasa, amma ba ya ganinta ko kaɗan. Da a baya take, da ya gan ta a madubi. Kujerar da ya so motar saboda ita tana daidai wurin da idonsa ya mutu. Da ya kashe injin a lokacin, da labarinsa ya zama wani daban, amma sai ya ji ta ce cikin murna, "To mu je mana," ƙafarsa kuwa ta saki kuloci da kanta.

Minti goman farko ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Motar tana amsa hannu kamar ta san shi. Iska na dukan fuskarsa, ƙarar injin na shiga ta ƙashin bayansa, giya na shiga ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin tafin hannunsa na hagu. Matarsa na ta surutu, tana cewa ga shagon da take sayen zare, ashe daga mota haka yake da ƙanƙanta, ga wani yana kallonsu ya saki baki. Wani lokaci takan ce akwai mai babur ta nan gefen, ko akwai bas yana matsowa, ta faɗa a cikin hira kamar ba komai ba. Shi kuma ya yi da muryarta abin da ya saba yi da muryar duk wanda ya ɗauka: ya tura ta can baya, ta zama ƙara kawai.

Suka zagaya shataletale suka kamo hanyar dawowa. Titin mai hannu biyu ne, da dakali a tsakiya. Ya koma layin ciki don zai karya hagu ya shiga layin gareji. Ya saba zama a ɓangaren hagu na mota, jikinsa na gaya masa cewa dakalin na nesa, alhali rabin motar na hagunsa yanzu. A bakin dakalin akwai wata mata mai sharar titi, sanye da rigar aiki ruwan lemo, ta sauko da ƙafa ɗaya tana tura shara cikin abin kwasa, ta ba su baya.

Matarsa ta gan ta tun daga nesa. Ta ɗaga hannu ta nuna, bai ga hannun ba. Ta ce, "Malam." Ta sake cewa, "Malam, wayyo!" Ya ji sarai. Ya sha jin irin wannan ƙara a mota, kuma ya san ba aikin direba ba ne ya juya. Da ta ce "tsaya", da ya tsaya kafin ta rufe baki. Amma ita ba ta taɓa shiga motarsa ba, ba ta san kalmar ba.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an jefa buhu a bayan mota. Ya taka birki, birkin ya ɗauki lokacinsa. Da ya fito ya zagaya, matar na kwance a gefen dakalin, tsintsiyarta mai dogon hannu na ƙarƙashin motar, ƙafarta ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Ba ta yi ihu ba. Numfashi take sama-sama tana kallonsa. Za ta yi shekara hamsin. Mutane suka taru, wani ya fara zagi, amma da suka ga furfura da tsohuwa tana kuka a cikin mota ta kasa tashi, sai aka bar zagin aka koma neman abin da za a ɗauki mai raunin. Motar da ta buge ta ba ta da wurin ɗaukarta, sai wani mai a-kori-kura ne ya tsaya.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Kafin a shiga da ita, abin da take ta tambaya shi ne wa zai share mata layinta gobe, don in aka ga babu kowa kwana biyu wani za a ba. Ɗan sandan da ya zo ɗaukar bayani saurayi ne mai haƙuri. Ya tambayi gudun da ake yi, ya tambayi ko birki ne ya ƙi. Makanike, wanda ya iso da baƙin mai a hannunsa, ya yi saurin cewa da ma can birkin ba shi da kyau, a rubuta haka. Ƙofar tsira ce abokinsa ya buɗe masa, kuma Ba-waiwaye ya gane. Ya zaro jakar lasisinsa, ya ciro takardar likita mai da'ira biyu ya ɗora a kan lasisin ya miƙa duka.

"Birki ya kama," in ji shi. "Ban gan ta ba ne. Ba na gani ta gefe. An gaya mini in daina tuƙi."

Ɗan sandan ya daɗe yana duba takardar, sannan ya sa su duka biyun a cikin fayil. Makanike ya juya ya fita waje, kuma ya yi wata biyu bai yi wa abokinsa magana ba.

Suka zauna a bencin baranda shi da matarsa suna jiran a fito daga ɗakin tiyata. Yana ta neman yadda zai fara ba ta haƙuri a kan ɓoye mata da ya yi, sai ita ta riga shi. Ta ce ta fi shekara da sani, tun kafin ya je asibiti. Ita ce ke matsar da kofin shayi zuwa tsakiyar tebur, ita ta janye keken ɗinki daga hanyarsa, ita ta hana jikoki barin takalma a bakin ƙofa. Kwalbar maganin ma ta kai wa mai kemis ya karanta mata. Shi ya sa ta ce ba zai fita shi kaɗai ba, ta ɗauka in tana gefen nan za ta zame masa idon.

"To me ya hana ki hana ni?" ya tambaye ta. Ba faɗa yake yi ba, so yake ya sani.

Ta ce, "Ni ma ina son in shiga, Malam. Sau ɗaya. Na san bai kamata ba, na sa mayafina na biyo ka."

Bai sayi motar ba. 'Ya'yan likitan haƙorin suka sa aka gyara ɗan lanƙwasar da gefenta ya yi, wani mai otal ya saye ta ya ajiye a harabarsa, amare da angwaye na ɗaukar hoto a jikinta. Maganar ba ta je kotu ba, don mai sharar ta ce ba ta son shari'a, shi kuma ya ɗauki nauyin jinyarta tun kafin a nema. Kuɗin sallamar can suka tafi, babbar 'yarsa kuma ba ta yi ƙorafi ba a wannan karon. An yi aikin sau biyu, ƙafar ba ta koma daidai ba. Layin nata kuwa tun a satin farko aka ba wani.

Yanzu shekara biyu ke nan. Idon dama ma ya ragu, abin da yake gani bai fi faɗin faranti ba, sai an riƙe masa hannun riga in za a tsallaka titi. Duk ranar Asabar shi da matarsa sukan hau bas biyu su je wurin mai sharar, a wani ɗaki ɗaya da ke ƙasan bene a bayan tashar mota, inda take zaune da ƙanwarta tana ƙulla omo da gishiri a leda tana sayarwa ta taga. Sukan kai mata sabulu da man zafi da ɗan abin da ya samu, matarsa ta ɗinka mata matashin da take jingina ƙugun. Ba ta taɓa yi masa maganar ranar ba, kuma ba ta san an ce masa Ba-waiwaye ba, ba ta kuma san motar ba tasa ba ce. Da ta hango su ta taga suna tahowa a ƙasa, matarsa na gaba yana biye da ita, sai ta ɗaga murya ta ce wa ƙanwarta ta kawo kujera, mai mota ya zo.